Hannun da Ya Riƙe Ni a Ruwa

Ina cikin shekarata ta tara a aikin malamin dabbobi a Azare lokacin da abin ya faru. Ni mutumin kudancin Bauchi ne, daga ƙauyukan cikin duwatsu inda rafi ke ƙafewa tun kafin Kirsimeti, saboda haka ban taɓa koyon iyo ba. Aiki ne ya kawo ni nan. Na zo da matata, wadda ke koyarwa a firamare, da 'ya'yanmu uku, muka kama haya a unguwar da ma'aikata irinmu suka fi yawa. A majami'armu kuwa an zaɓe ni dattijo tun ban fara furfura ba, ina cikin masu yin wa'azi in Fasto ya yi tafiya. Na taɓa yin wa'azi sukutum a kan tsoro, na ce wa jama'a wanda ya ba da gaskiya ga Ubangiji ba ruwansa da fargaba. Da ƙarfi na faɗa, har da buga teburi. A lokacin, abin da ya fi tsorata ni a duniya bai wuce mahaukacin kare ba.

A tsakiyar damina ciwon huhu ya ɓulla a cikin shanun wasu rugage da ke ƙetaren kogi, gaba da garin Katagum, aka tura ni yin allurar rigakafi. Na yi sammako a kan babur, kular allurai ɗaure a baya. Da hantsi na isa mashigi, na bar babur wurin wani mai shayi. Kogi ya cika ya batse, ruwan jawur, yana tafe da ciyayi da kara. Mai fito ya ɗebe mu mu bakwai a kwalekwale, da awaki biyu da buhunan masara.

Wadda ta zauna kusa da ni wata mata ce da ba za ta wuce shekara arba'in ba, da koren zane da kwano a cinya, daga kasuwa take komawa gida. Tana da wushirya, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya zama kusa da baƙo ba su ja shi da hira ba.

Ta ce, "Likita, me ke cikin kular nan da ka rungume kamar jariri?"

Na ce, "Allurar shanu ce, baiwar Allah, da ƙanƙara don kada ta lalace."

"Ƙanƙara? A wannan zafin? Lallai shanu sun ji daɗi. In mun ƙetare ka ɓantar mini 'yar kaɗan in kai wa maigidana. Shi bai san wata ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa daga sama ta ɓata masa gero."

Duk jirgin aka yi dariya. Na ce mata zan ba ta.

Mun wuce tsakiyar kogi kaɗan sai wani kututture da ruwa ya kwaso ya daki gefen jirgin. Awakin suka zabura suka koma gefe guda, wani mutum ya miƙe tsaye, mai fito yana ihu a zauna. Ban san sauran ba. Na dai ji sanyi ya rufe ni, idona a buɗe amma ba na ganin komai sai ja. Ina ta harbe-harbe sai na ji hannu ya cafke ni a wuyan hannuna na hagu. Riƙo ne mai ƙarfi, kuma ƙasa yake ja na. Ƙirjina kamar zai tsage. Na murɗa hannuna bai saki ba. Na sa ɗaya hannun na doke shi, na sake dukansa, na sa ƙafa na tunkuɗe abin da ke jikinsa. Sai ya saki.

Da na taso, gorar mai fito na fara gani, na kama. Masunta suka zo da jirage biyu suka tsamo mu ɗaya bayan ɗaya. A kan yashi aka ƙirga. Mutum ɗaya ce babu, mai koren zane. Sai bayan kwana biyu aka same ta can ƙasa, ta maƙale a saiwar wata bishiya.

Da na koma gida aka yi ta zuwa yi mini barka. Ranar Lahadi Fasto ya tsayar da ni gaban jama'a, aka yi waƙar godiya, zumuntar mata suka yi guɗa. Na ba da shaida cewa Ubangiji ya cece ni daga ruwa. Ban ce komai game da hannun ba. A wuyan hannuna akwai shaidar farce guda huɗu, na ce wa matata ƙaya ce ta karce ni. Ta wanke, ta shafa magani.

Mako uku lafiya lau. Ran nan da rana tsaka ina ofis ina cika takarda, masinja ya buɗe famfon tsakar gida yana tara ruwa a bokiti. Ƙarar ruwan nan kawai na ji, sai numfashina ya ɗauke. Zuciyata ta kama bugawa har ina jin ta a kunne, gumi ya jiƙa mini riga, wuyan hannuna na hagu ya yi sanyi ƙalau kamar yatsu sun zagaye shi. Na duba, ba komai sai tabo. Na riƙe teburi har abin ya wuce. Daga ranar ya san hanya. Yakan zo mini a kasuwa, a kan babur, a tsakiyar waƙa a majami'a. Bai cika zuwa in ina cikin damuwa ba, ya fi son lokacin da na sake, ina dariya da yara ko ina cin tuwo. Sai in ji yatsun nan sun dawo, ɗaya bayan ɗaya, suna neman wurinsu.

Na je asibiti, aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce ba abin da ke damuna, in rage tunani. Na daina wanka da bokiti cike, sai in ɗebi ruwa kaɗan a buta. In hadari ya haɗo ta gabas sai in rasa inda zan sa kaina, in yi ta kiran matata a waya ina tambaya ko yara sun dawo daga makaranta. Na hana su zuwa ko bakin kududdufin unguwa. Duk aikin da ya taso ta wajen Katagum ko Itas inda za a shiga ruwa, sai in ƙirƙiro uzuri a tura wani. Mutumin da bai saba ƙarya ba, na zama gwaninta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne addu'a. Kowace safiya mukan taru a falo da yara mu yi sujada kafin a watse. Ni ke jagora. Bakina yana faɗin kalmomin da na saba, amma da zarar na rufe ido sai in ga jan ruwan nan. Na koma yin addu'a ido buɗe, ina kallon labule. A raina na yanke hukunci biyu. Na ɗaya, na kashe mutum don in rayu. Na biyu, tunda tsoro ya kama ni haka, to bangaskiyar da nake taƙama da ita tun farko babu ita. Ai ni na faɗa da bakina a gaban jama'a. Kuma ban ma tabbata hannunta ne ba. Mu bakwai muka faɗa ruwa, wataƙila wani ne ya riƙe ni, ya sake ni, ya tsira. Nakan yi ta jera fuskokin mutanen jirgin a zuciyata ina gwada hannuwansu da tabon. Kullum lissafin a kanta yake tsayawa.

Haka na yi wata takwas, har lokacin Ista ya zo. A bayan majami'armu akwai kwarmin baftisma da aka gina da siminti, mai matakala uku, ruwan yakan kai mutum ƙugu. Al'adarmu ce dattijo ɗaya ya shiga ruwa tare da Fasto ya taimaka wajen tallafar wanda za a nutsar. Fastonmu tsoho ne, gwiwoyinsa sun gaji, kuma a shekarar layi ya zo kaina. Na so in ƙi, amma ban sami ƙaryar da za ta shiga ba. Na ce a raina ruwan siminti ne, ba kogi ba.

Mutum uku na farko maza ne, na daure, ina cije leɓe. Ta huɗu wata mata ce mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ta daɗe tana jiran wannan rana. Fasto ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, muka kwantar da ita baya. Da ruwa ya rufe fuskarta sai ta firgita, ta kai hannu ta cafke ni a wuyan hannu, daidai wurin.

An ce ihun da na yi har bakin titi an ji. Ni dai abin da na sani, na fizge hannuna, na hankaɗe ta, na haye matakala da rarrafe. Tsohon nan shi kaɗai ya ɗago ta tana tari. Mawaƙa suka yi tsit. Na tsaya a gaban mutum fiye da ɗari, ruwa na zuba daga wandona, 'yata ƙarama tana kallona. Na ratsa su na fita, na tafi gida a ƙasa, ko takalmi ban ɗauka ba.

Maganganu suka tashi. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka biyo ni tun daga kogi. Wani matashin mai bishara ya zo har gida ya ce in yarda a yi mini addu'ar korar aljanu kwana uku da azumi. Wani ɗan'uwana dattijo ya riƙe kafaɗata ya ce, cikin ƙauna, in binciki kaina, domin tsoro alamar raunin bangaskiya ne. Kalmomina ne ya maido mini, kusan yadda na faɗe su. Na daina zuwa sujada.

Ranar wata Laraba da la'asar Baba Fasto ya zo da sandarsa. Ya ƙi shiga falo, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida. Matata ta kawo masa kunun zaƙi, za ta koma ciki ya ce ta zauna. Bai buɗe littafi ba, bai yi mini faɗa ba. Ya sha kununsa a hankali, sannan ya ce, "Ɗana, mai ƙosan nan ta ce in gaishe ka. Ta ce hannunka kawai ta riƙe. Me hannun nan ya sani da mu ba mu sani ba?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Na buɗe baki in ce ba komai, sai maganar ta fito gaba ɗayanta, tun daga ƙanƙara har zuwa dukan da na yi wa hannun. Na ce, "Baba, na doke ta sau biyu. Na sa ƙafa. Sannan na zo na tsaya a gabanku na ce Ubangiji ne ya cece ni."

Matata ta ce, "Baban yara, ni na wanke ciwon nan. Ƙaya ba ta yin layi huɗu a jere. Tun ranar nake jira ka gaya mini."

Da tsohon ya yi magana, bai ce ba ni da laifi ba, bai kuma ce ina da shi ba. Ya ce shi bai taɓa nutsewa ba, saboda haka ba zai zauna a kan tabarma ya yanke wa mai nutsewa hukunci ba, kuma Wanda ya ga abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan ya fi mu duka jinƙai. Sannan ya ce, "Wa'azin nan naka na tsoro, an ba ni labarinsa da na dawo daga tafiya. Na so in kira ka, na ce bari rayuwa ta gyara maka shi, ban san da tsada haka za ta gyara ba. Ka manta Ubangijinmu Yesu kansa, kafin a kama shi, ya shiga lambu jikinsa na zubar da gumi don fargabar abin da ke tafe? Ya roƙi abokansa su zauna kusa da shi. Bai ɓoye musu ba. Za ka ce shi ma bangaskiya ce ba shi da ita?"



Ya ce, "Ni da kake gani, tun ranar da aka kira ni a waya aka ce matata ta faɗi a kasuwa, in waya ta yi ƙara sai cikina ya juya. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na roƙa a ɗauke mini, ba a ɗauke ba. Ina ɗaga wayar dai a haka. Ban sani ba ko za a ɗauke maka naka. Abin da na sani, ba kai kaɗai kake cikinsa ba, kuma ka daina zama da shi kai kaɗai." Da zai tashi ya tambaye ni ko na taɓa zuwa yi wa mutanen mai koren zanen gaisuwa. Na ce a'a. Ya ce, "To."

A lokacin rani ne. Da a ce na tafi a makon, da ƙafa zan taka yashi in ƙetare kogin. Na yi ta jinkiri, yau aiki, gobe zazzaɓi. Na koma majami'a, na nemi gafarar mai ƙosai, ta yi dariya ta ce ita ma ta ɗauka mutuwa za ta yi. Na kuma tsaya gaban jama'a na janye wa'azina na dā, na gaya musu ni matsoraci ne yanzu, kuma ban bar bin Ubangiji ba. Bayan an tashi mutum biyar suka same ni a gefe, kowa da nasa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma tafiyar nan na kasa, har ruwa ya sauko, kogi ya sake cika.

Matata ce ta tsayar da rana. Ta sayi sabulu da sukari da turmin atamfa, ta ce Asabar za mu tafi, tare. A mashigi muka tarar da mai fiton nan dai, da sabon jirgi. Ya gane ni, ya ce, "Likita, ashe za ka sake dawo mana." Shi ya kwatanta mana gidan. Yadda na ƙetare ban iya bayar da labari ba, domin kaina na cikin cinyar matata, tana waƙa ƙasa-ƙasa, ni kuma ba abin da nake maimaitawa sai, ya Yesu, ga ni, ga ni.

Mijin matar manomi ne, dogo, siriri, da carbi a hannu. Ya karɓe mu a zaure, ƙanwarsa ta ja matata cikin gida wurin 'ya'yan marigayiyar. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ni ina cikin jirgin da iyalinka ta rasu. Kusa da ni ta zauna." Na gaya masa sauran, ban rage komai ba. Ina magana ina kallon yatsun ƙafata.

Ya ja carbinsa har ya kai ƙarshe. Ya ce, "Ba ta iya ruwa ba. 'Yar tudu ce, daga wajen Zadawa na auro ta. Duk wanda ta samu za ta riƙe. Ko kai ne ko wani, Allah ne ya sani. In kai ne, da ka bar ta ta riƙe, gawa biyu za a tsamo." Ya ɗan tsaya. "Kwananta ne ya ƙare, Likita. Ni ban ga abin yafewa ba. Amma ka taso tun daga Azare, in kana so ka ji da kunnenka, to na yafe."

Can sai ya matso, muryarsa ta sauya. Ya ce, "Duk waɗanda ke jirgin na tambaye su, kowa ya ce bai tuna ba. Ta yi magana kafin abin ya faru? Me ta ce?"

Na gaya masa zancen ƙanƙara, yadda ta faɗa, har da geron da take ɓata masa. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ita ce! Wallahi ita ce, haka take tsokanata a gaban mutane." Dariyar ta yi ta tafiya har ta koma wani abu, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Muka zauna a zauren nan, ni da shi, har aka kira azahar. Ya tashi ya yi alwala, na jira shi. Da ya idar ya sa aka kawo mana fura, ya ce in na sake shigowa yi wa shanu allura kada in wuce ƙofarsa.

Da za mu koma hadari ya fara haɗuwa, iska na kaɗa ruwan. Muna barin gaɓa jikina ya soma, numfashi ya guntule, na sunkuya zan rufe ido. Mai fito ya jefo mini wata yankakkiyar jarka ta faɗo a ƙafata. Ya ce, "Likita, yau ba kwanciya. Jirgin nan yana ɗan shan ruwa ta wajenka, ni kuma hannuna biyu ne. Kwashe mana."

Na ɗauka. Hannuna na rawa har rabin abin da na ɗebo yana komawa ciki. Dole na buɗe ido in ga inda nake zubawa, na ga kogin, jawur, faɗinsa ya fi yadda nake tunawa. Tsoron bai ragu ko kaɗan ba. Na ci gaba da ɗiba ina zubarwa, ina kiran sunan Ubangiji a kan kowace jarka, matata tana riƙe da bayan rigata. Da jirgin ya daki yashi mai fito ya leƙa ƙasan jirgin ya ce ban iya ba, amma na fi wasu. Muka hau babur ruwa na fara sauka, muka tsaya a wata rumfar masu kifi a Katagum har ya ɗauke, sannan muka kama hanyar gida.